Rasuwar Hajiya Mai Tocila, da Dalilin da Ya Sa Takardar Nan Ta Makara

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba mu aronta ya kuma karɓi abinsa, Ƙungiyar Mata Masu Ɗinki ta Layin Bayan Kasuwa, a madadin mai girma Shugabar ƙungiya, da Mataimakiyarta, da Sakatariya, da dattijan ƙungiya masu daraja, da ɗaukacin mambobi masu keken ƙafa da masu na lantarki, tana sanar da jama'a cewa ta karɓi labarin rasuwar uwarta kuma wadda ta kafa ta, Shugabarta ta farko, Uwar Ƙungiya, gwanar yanka, mai awo da ido, Hajiya Babba, wadda manya da yara suka fi sani da Hajiya Mai Tocila. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ta cika ne ranar Talata da hantsi, a ɗakinta, bayan jinyar kwana uku da likita ya ce ta zuciya ce, tana da shekara saba'in da ɗaya a lissafinta. A lissafina kuwa, ni da na san ta tun ba mu iya zura zare a allura ba, a ƙara huɗu a kai, amma tunda ba ta nan balle ta kare kanta, mun bar shi a yadda ta faɗa. Ta bar maigidanta, dattijo mai daraja Malam Kafinta, da 'ya'ya biyar, da jikoki goma sha bakwai, da keken ɗinki guda wanda ya girmi babban ɗanta, ya kuma fi shi jin magana.

Ƙungiya ta san wannan saƙo ya makara. A tsarinmu takardar ta'aziyya kan fita kafin a tashi daga zaman makoki, wannan kuwa sai yau, kwana ashirin da huɗu cur. Mun ji masu cewa shugabanni sun yi faɗa, mun ji masu cewa mai magana da yawun ƙungiya ta tsufa har ta manta inda ta ajiye hatimi. Hatimi yana nan a ƙasan akwatina. Marigayiyar ce da bakinta ta hana a fitar da takardar sai an cika mata wani sharaɗi da ya shafi lafiyar maigidanta. Zan zo kan sharaɗin, amma ba za a gane shi ba sai an san yadda aka yi mai ɗinki ta koma yawo da tocila.

Shekara talatin da takwas ke nan da Hajiya Babba ta tara mu, mu bakwai, a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya mai yoyo, inda in ruwa ya sauko sai kowa ta rungume yadin mutane ta bar kanta ya jiƙe. Ita ta yi ta zirga-zirga har aka gyara rufin, aka jawo mana wuta, aka haƙa magudanar da ta raba mu da sauro. Ta koyar da mata sama da sittin, kuma duk wadda ta fito daga hannunta ana gane ta da abu biyu: ba ta barin zare yana reto a bakin riga, kuma tana naɗe ƙyallen da ya rage ta mayar wa mai yadi komai ƙanƙantarsa. Hajiya takan dubi mace sau ɗaya ta faɗi faɗin ƙugunta, a kuma sa tef a tarar haka ne, abin da ya sa wasu manyan mata suka riƙa aiko da tsohuwar rigarsu maimakon su zo da kansu.

Duk wanda ya san aikinmu ya san hannu biyu ba sa isar mai ɗinki, bakinta ne na ukun. A leɓe take jera fil idan tana gwada wa mutum riga, da haƙori take tsinke zare, da yawu take murza bakinsa ya shiga allura. Hajiya kuwa takan yi wa almajirarta faɗa da fil shida a bakinta ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Saboda haka babu wadda a cikinmu ba ta taɓa yini da ɗan rauni a leɓe ko a harshe ba, babu kuma wadda ta taɓa ɗaukarsa wani abu. In an tambaya, amsar ɗaya ce: fil ne.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata ma'aikaciyar jinya, wadda har yau muke kira Nas, ta kawo farar rigar aikinta a rage mata ƙugu. Hajiya ta durƙusa tana soka fil, Nas ta faɗi wani abin dariya, Hajiya ta zare fil ɗin daga baki ta wangame shi, sai idon Nas ya sauka kan wani farin tabo a gefen harshenta. Ta tambaye ta tun yaushe. Hajiya ta ce fil ne ya soke ta lokacin ɗinkin kayan 'yan makaranta. Nas ta ce ai an fi wata biyu da komawa makaranta, ta kuma tambaye ta ko fil ya taɓa sukar ta a yatsa raunin ya yi wata biyu. Hajiya ta ce ai ba ya ma zafi. Nas ta ce wannan rashin zafin ne bai yi mata ba. Da ta ga Hajiya na neman mayar da zancen wasa, sai ta koma kan benci ta zauna a miƙe kamar sanda, da fil goma sha biyu a ƙugunta, ta ce ba ta tuɓe rigar, ba ta kuma tashi, sai Hajiya ta ɗauki mayafi. Masu kawo ɗinki suka yi ta shigowa suna kallon ikon Allah. Kafin azahar Hajiya ta rufe shago.

A asibiti aka ɗan tsinki tsokar wurin aka kai gwaji, aka dawo da labarin da ba wanda ke son ji: ciwon daji ne na baki, sai dai yanzu ya fara sa kai. Likita ya wanke fil daga zargi, ya ce ba shi ke kawo ciwon ba, laifinsa ɗaya shi ne ya ba ta abin fakewa. Garin tabar da take cusawa a leɓe don kada gyangyaɗi ya ɗauke ta a kan keke, shi ya ɗora wa babban laifi, ko da yake ya ce ciwon kan kama har wanda bai taɓa kusantar taba ba. Aka yi mata aiki, aka cire abin da bai kai ƙyallen maɗaukin maɓalli ba. Layinmu ya huta mako shida babu faɗa. Daga nan ta dawo, harshe ya ragu, magana ta ƙaru.

Da tocila ta dawo, ƙarama, jar tocila mai igiya da take ratayawa a wuya tare da tef. Tun daga ranar, duk taron wata, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba mai shiga sai ta buɗe baki, ta zaro harshe, ta kai shi dama ta kai shi hagu, ta ɗaga shi sama, a leƙa kumatu da dasashi. Matan manya da 'yan koyo duk layi ɗaya. Ta ɗinka wa kowace mamba ɗan matashin fil na ɗaurawa a wuyan hannu, ta ce daga yau wadda ta sami rauni a baki ba ta da wanda za ta ɗora wa. Dokarta gajera ce, har jikokinmu sun haddace ta: raunin fil kwana kaɗan yake yi, duk gyambo, ko tabo fari ko ja, ko kumburi a baki ko a wuya da ya haura mako biyu, ba na mai ɗinki ba ne, na likita ne, ko yana zafi ko ba ya yi.

Ba duka aka ci nasara ba, kuma Hajiya ba za ta so a ɓoye ba. Akwai maƙwabciyarmu mai saƙa da Hajiya ta gano wa tabo a shekarar farko, ta ce mata ta je asibiti, matar ta ce to, ta koma gida tana kurkure baki da ruwan gishiri tana rufe fuska da mayafi. Da aka kai ta bayan shekara, abin ya riga ya sauka wuya. Allah ya ji ƙanta. Daga rasuwarta Hajiya ta ƙara doka ta biyu: mai tocila ba ta faɗin sunan ciwo domin ba likita ba ce, ba ta kuma cewa ki je, sai dai ta ce tashi mu je. Da wannan doka ta raka mata da yawa. Mafi yawansu aka ce ba komai, suka dawo suna mitar an ɓata musu yini, ita kuwa tana dariya. Ɗaya daga ciki, 'yar'uwarmu Mai Maɓalli, aka tarar da abin a farkonsa aka cire, ga ta nan yau ta aurar da 'ya'ya uku, tana cin ƙashi da haƙoranta.

Ga masu raɗa cewa tsohon ciwon ne ya dawo ya ɗauke Hajiya, ƙungiya tana cewa a'a. Ta yi shekara goma sha huɗu bayan aikin, ta ga haihuwar jikoki goma sha ɗaya a cikinsu, ta ci duk abin da ranta ke so, ta yi faɗa da duk wanda ya cancanta da wasu da ba su cancanta ba. Zuciya ce ta gaji, wa'adi kuma ya cika.

Yanzu ga sharaɗin. Mutum ɗaya ne a duk faɗin layin nan bai taɓa buɗe wa Hajiya baki ba, shi ne wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Malam Kafinta mutumin kirki ne, kuma surukin ƙungiya ne na gaske: duk takardar ta'aziyyar da muka taɓa fitarwa, shi ke haɗa mata firam da gilashi a kai wa iyalan mamaciya su rataye, bai taɓa jiran ko sannu ba. Amma in aka zo maganar tocila sai ya ce bakinsa ba shago ba ne da za a shigo duba kaya. Shi ma kuwa irin namu ne, a leɓe yake jera ƙananan ƙusoshi idan yana yi wa kujera sutura, yana zarowa ɗaya-ɗaya yana bugawa. Yana kuma da wani lungu bayan shagonsa inda yake shan sigari a ɓoye, a tunaninsa, alhali hayaƙin ta tagar Sakatariya yake shigowa.

Wata uku kafin rasuwarta Hajiya ta lura ya koma tauna da ɓangare ɗaya, yana barin shayi ya huce kafin ya kai baki, shi da yake sha yana tururi. Ta tambaye shi, ya ce ƙusa ce ta karce shi. Ta ce ita ma fil ne ya soke ta. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ta bi ta lallashi, ta bi ta faɗa, ta bi ta gaba na kwana biyu, duk bai motsa ba.

Rana ta biyu da kwanciyarta, bayan la'asar, ta sa aka kira ni, ta kori kowa daga ɗakin, ta kama hannuna ta ce: "Na san mutumina. Kafin a tashi makoki zai haɗa firam ya zauna jiran takarda. Kada ki ba shi ko layi ɗaya sai likita ya leƙa bakinsa. In kika ba shi, ban yafe miki almakashina ba." Almakashin nan na are shi ne shekara ashirin da suka wuce na rage hannun riga ɗaya, har ya zame mini suna. Na ce mata ta daina wannan zance, za ta tashi. Ta ce ko ta tashi ko ba ta tashi ba, in ce na ɗauka. Na ce na ɗauka.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Kwana uku da rasuwarta ya haɗa firam da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya goge shi har mutum na ganin fuskarsa, ya rataye a falo saman kekenta, sannan ya zo shagona ya tambayi takarda. Na ba shi wuri ya zauna, na gaya masa abin da matarsa ta bari. Ya tashi ya fita. Ya tafi wajen Shugaba, ta ce ita ba ta iya rubutu mai daɗi ba. Ya tafi wajen Sakatariya, ta ce hatimi ba ya hannunta. Ya turo babbar 'yarsu ta roƙe ni, ta zo da hawayenta tana cewa Iya ki ji tausayin Baba, na zaunar da ita na tambaye ta rabon da ta ga babanta ya tauna da dama. Ta zo a matsayin 'yar aikensa, ta koma a matsayin tawa.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan sun yi mini nauyi. Hana mai makoki abin da zai sanyaya masa rai ba ƙaramin abu ba ne, kuma sau biyu ina buɗe akwatin ina rufewa. Masu zuwa gaisuwa kuwa duk wanda ya shiga falon sai ya ɗaga kai ya ga gilashi babu komai a bayansa, ya tambaya, Malam ya ce ana kan rubutawa.

A rana ta tara da rasuwarta, da hantsi, ina tsaka da yanka, sai ga shi ya shigo ya zauna a kan bencin nan da Nas ta taɓa zama, wanda na gada daga shagon Hajiya, kuma shi ya ƙera shi da hannunsa. Ya daɗe yana shafa gefensa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba: "Kawo tocilar taku." Na haska. A ƙarƙashin harshe ta dama akwai tabo ja da fari a gauraye, bai kai ƙaramin maɓallin riga ba. Ban faɗi sunan komai ba, na ɗauki mayafina na ce tashi mu je. Muka biya muka ɗauki babbar 'yar, Nas kuma, wadda ta yi ritaya tuni, ta riga mu isa tana jiranmu a bakin ƙofar asibiti.

Da muka fito daga wajen likita, an ɗauki abin gwaji, na ce masa sharaɗi ya cika, gobe takarda za ta fito. Sai shi kuma ya ce a'a, a jira sakamako, ko mene ne a sa shi a ciki, domin takardar Hajiya ce, ita kuwa ba ta son ɗinkin da aka bari rabi. Sauran jinkirin ke nan, nasa ne ba nawa ba.

Shekaranjiya sakamako ya fito. Ciwon ne, amma a farkonsa, bai ma kai nata girma ba, bai kuma sauka wuya ba. Za a yi masa aiki ranar Alhamis mai zuwa, likita ya ce da yardar Allah akwai kyakkyawan fata, ya kuma ce da an bari zuwa baɗi da zancen ya sha bamban. A bakin ƙofar asibitin Malam ya zaro kwalin sigari daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa, ita kuma ta yi kamar ba ta taɓa sanin yana sha ba, Allah ya yi mata albarka. Da na nemi izininsa kafin in sa wannan a takarda, ya ce: "Rubuta duka, ko wani mai taurin kai zai ji. Amma ki sa cewa da ƙafata na je." Ƙungiya tana shaida wa jama'a cewa da ƙafarsa ya je. Wadda ta riƙe masa hannun riga ba a tambaye ni ba.

Saboda haka ƙungiya tana kira ga duk masu sana'ar da suka mayar da baki hannu na uku, kafintoci da masu gyaran takalmi da masu kitso da masu ɗinki irinmu, da duk mai taba ta sha ko ta cusawa, da ma wanda ba ya ko ɗaya: a riƙa tsayawa gaban madubi inda haske yake a leƙa baki, kuma abin da ya haura mako biyu bai warke ba a kai shi inda aka san shi, a bar ɗora wa ƙusa da fil laifin da ba nasu ba. Jar tocila ta koma wuyan 'yar'uwarmu Mai Maɓalli bisa amincewar dukkan mambobi, za ta ci gaba da tsayawa a bakin ƙofa Asabar ɗin farko ta kowane wata, kuma daga yanzu an buɗe layi har ga maza. Za mu sa musu labule, tunda mun ga abin yana ba su kunya.

A madadin ƙungiya baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga dattijo mai daraja Malam Kafinta, da babbar 'ya da ƙannenta, da surukai, da 'yan'uwa da abokan arziki, da Nas wadda ta rasa mai rage mata ƙugu, da jikoki goma sha bakwai, musamman mazajena na cikinsu, waɗanda nake sanar da su cewa yanzu ba ni da abokiyar takara, kowa ya shirya. Allah ya gafarta wa Hajiya Babba, ya haskaka kabarinta fiye da yadda ta haska mana, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba iyalanta haƙurin jure wannan rashi, ya haɗa kansu, ya ba Malam lafiya, ya sa a shiga aikin nan a sa'a a fito a sa'a. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Abu na ƙarshe, ga Malam shi kaɗai. Da muka je ɗaga kan kekenta mun tarar da ɗinki a ƙarƙashin allura, rigar aiki ce mai babban aljihu a ƙirji, daidai zuba ƙusoshi, ta yanka ta ta ɗinka rabi. Mun ƙarasa ta, ba mu bar zare yana reto ba, tana hannun babbar 'ya. Sannan na je na auna firam ɗinka da tef: na shafi ɗaya ne. Takardar nan kuwa shafi huɗu ce, kuma ba zan rage ko layi ba, ka san matarka ba ta shiga shafi ɗaya. Sai ka je a yi maka aikin, ka warke, ka sa rigar, ka haɗa wani babba. Za mu riƙe maka takardar har ka gama.

Sa hannu,
Iya Mai Almakashi
Mai Magana da Yawun Ƙungiya kuma Dattijuwar Majalisa,
Ƙungiyar Mata Masu Ɗinki ta Layin Bayan Kasuwa